Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Kumbotso a Kan Dokar Hawan Keke

Mai girma Shugaba,

Ina neman aron hankalinka a kan maganar wani talakanka wanda ba shi da ƙungiya, ba shi da kakaki, bai kuma saba zuwa sakatariya da takardar koke ba. Mai keke nake nufi: ɗan makarantar da ya ɗaure jakarsa a kariya, leburan da ke sammakon zuwa kamfani, malamin Islamiyya, mai kai kayan miya kasuwa, da dattijon da ke zuwa duba 'yar gonar da ta rage masa.

Na kawo maganar gabanka ne domin a nan doka ta ajiye ta. A Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, an ambaci keke da sunansa: bayar da lasin kekuna da kurar turawa da kwalekwale da baro da amalanke aikinku ne. A jadawalin nan dai aka ɗora muku shimfiɗa titunan cikin gari da gyaransu, da fitilun kan titi, da magudanan ruwa. Dokar haraji ta 1998 ma ta sanya kuɗin keke cikin abin da ƙaramar hukuma ke da ikon karɓa. Ke nan a cikin matakan gwamnati uku, ku ne aka damƙa wa keke hannu da hannu. Roƙona shi ne a yi amfani da wannan iko a yi wa mai keke doka wadda za ta tsare ransa, a kuma nisanta ta daga zama sabuwar hanyar tara kuɗin shiga.

Dattawanmu suna tuna lasin keke na zamanin En'e, ɗan ƙarfen nan da ake maƙalawa a jikin keke, da yadda gaban mutum ke faɗuwa in ya hango ɗan doka alhali bai sabunta ba. A lokacin keke dukiya ce, wanda ya mallaki Raleigh sabo an san ya tara abin hannu, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Daga baya babur ya zo ya ture shi, aka bar keke ga yara da marasa ƙarfi, maganar ƙa'idarsa kuma ta bi ruwa. To, ga shi ya dawo. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Magidanta da yawa sun jingine babur, sun kakkaɓe ƙurar tsohon keke. Uban da ke ba 'ya'ya kuɗin adaidaita sahu kullum ya yi lissafi ya ga gara ya sayi keke ɗaya na hannu su riƙa goyon juna.

Sai dai titin da keken ya dawo ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. Kumbotson da kakanninmu suka sani ƙauyuka ne da gonaki. Yau birni ya biyo mu har ƙofar gida: Panshekara, Ɗanmaliki, Ɗanbare, Na'ibawa, Mariri, duk sun haɗe da Kano. Hanyoyinmu da yawa kuwa tsoffin hanyoyin ƙauye ne da aka shimfiɗa wa kwalta, faɗinsu bai ƙaru ba, gidaje da shaguna suka matso har bakinsu. A kansu tirelolin masana'antun Challawa ke bi, da tifofin yashi, da manyan motocin da ke sauke kaya a 'Yan Lemo da kasuwar goro ta Mariri. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013 kuma, adaidaita sahu ya mamaye gefen titi, daidai inda mai keke ke raɓawa, yana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu.

Ranka ya daɗe, in ka samu sarari wata rana, ka sa a tsaya da kai a bakin titin Panshekara daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, musamman da hunturu in hazo ya sauka. Ma'aikata sun tashi, 'yan Islamiyya sun taso, kowa na sauri ya riski jam'i. Za ka ga yaro ɗan shekara goma a kan keken babansa. Ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, don haka ya zura ta ta ƙarƙashin sanda, jikinsa a karkace gefe guda, bokitin niƙa a ɗaure a baya. Keken ba birki, in zai tsaya sai ya ja silifa a ƙasa. Ba fitila a gaba, ba abin ƙyalli a baya, rigarsa kuma kalar ƙurar hanya ce. Direban da ke tahowa, hasken motar da ke gabansa ya kashe masa ido, ba zai ga yaron nan ba sai ya zo daf da shi. Wannan yaro ba ɗan banza ba ne, aike aka yi masa, kuma uwar da ta aike shi tana ƙaunarsa. Babu dai wanda ya taɓa zaunar da shi ko ita ya faɗa musu abin da ke tsakanin keke da mota da dare.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka zan fara da laifinmu mu masu hawa. Mafi muni a ciki shi ne bin hannun da ba namu ba. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma keke abin hawa ne, dama zai bi kamar mota. Amma mutane da yawa sun ɗauki shawarar da ake ba mai tafiya a ƙasa, wato ya fuskanci motocin da ke zuwa, suka ɗora wa keke. Sukan ce gara in ga abin da zai buge ni. Lissafin bai goyi bayansu ba. In mota na gudun kilomita 50 a awa, keke na gudun 15, suna tafiya hannu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa ne da gudun 35, direba na da lokacin kaucewa. In suna fuskantar juna, gudun ya zama 65. Ƙari a kan haka, direban da zai fito daga lungu ya hau titi hagunsa yake dubawa, don daga can motocin layinsa ke zuwa. Mai keken da ya biyo wanwe ta hannun daman direban zai ɓullo, inda idonsa ba ya kai. Yawancin masu yin haka ba taurin kai ba ne, sun ɗauka dabara ce ta tsira, shi ya sa nake ganin bayani zai yi aiki a kansu fiye da tara.

Sai kama bayan tifa ko tirela don a huta da taka feda, abin da samari ke ɗauka bajinta. Sai kutsawa ta gefen babbar mota a daidai kwana. Direban tirela yana zaune can sama, akwai wurare a gefensa da gabansa da ko madubi ba ya nuna masa, kuma in zai sha kwana tayoyin baya sukan yanke hanya su matso ciki fiye da na gaba. Mai keken da ya tsaya a gefen kan motar yana ganin akwai fili, sai bayan motar ya rufe filin. Akwai kuma goyon ƙaramin yaro a kariya ƙafafunsa na reto. Duk wanda ya taɓa ganin diddigen yaro bayan ya shiga tsakanin wayoyin taya ba zai so ya sake gani ba. Haka bakin riga ko wando ke shiga sarƙa in ba ta da murfi. Ga sabon salo kuma, toshe kunne da abin jin waƙa a tsakiyar titi.

Amma ranka ya daɗe, ko mai keke ya kiyaye duk wannan, ba shi ne ke riƙe da abin da ke kisa ba. Gudu ne ke kisa. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai tafiyar 60 kuma kusan mita 17, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninka huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65, jikin mai keke kuwa bai fi nasa kariya ba. Rahoton hukumar na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Haɗarin gudu ne ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da mutane da kekuna. Ƙofar makarantunmu da kasuwanninmu da masallatan Juma'armu irin wuraren nan ne.

Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma idan abu ya faru mukan ce tsautsayi ne, mu yi haƙuri, mu yafe wa direba. Wannan hali ne mai kyau. Amma addinin da ya koya mana haƙuri shi ne ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, kuma shugaba ne ya fi kowa ikon kawarwa.

Dokar da nake roƙo majalisar kansiloli ta yi ba ta buƙatar wuce shafi biyu, kuma da Hausa ya kamata a fara rubuta ta, da boko da ajami, kafin a juya ta zuwa Turanci. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, a sashe na 44, ta taƙaita abin da ake nema a jikin keke: birki mai ci, ƙararrawa, jan abin ƙyalli a baya, da fitila fara ko rawaya a gaba da ja a baya. Littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shi ma yana da ɓangaren masu keke. A ɗauko waɗannan, a ƙara da abin da ya dace da mu: bin hannun dama, miƙa hannu kafin a sha kwana, tafiya ɗaya bayan ɗaya a kan babban titi, hana kama bayan mota, hana goyon fiye da mutum ɗaya. A kuma yanke shekarun da yaro zai kai kafin ya hau manyan hanyoyi shi kaɗai, irin titin Zariya da titin Maiduguri da hanyoyin da suka kewaye gari. A cikin lungu ya yi wasansa, wannan haƙƙinsa ne. Dokar ta kuma yi magana da mai mota da mai adaidaita a titunan da ke hannun ƙaramar hukuma: su rage gudu, su ba keke tazara in za su wuce shi, su duba baya kafin su buɗe ƙofa ko su tsaya ɗaukar fasinja.

Abin da ya fi damuna a maganar nan shi ne ranar da za a fara aiki da dokar. Mun san yadda dokoki masu kyau ke lalacewa a hannun masu kamu. Idan aka ba wasu samari rasit da sanda aka ce su tare masu keke, cikin mako guda dokar ta zama abin tsoro, talaka ya koma bin lungu da duhu don gudun kamu, haɗarin da aka so ragewa ya ƙaru. Mun ga misali a Janairun 2009, lokacin da aka tilasta wa masu babur hular kwano ba tare da an tanadi hular a farashin da za su iya ba. A nan Kano har ƙwarya da robar fenti wasu suka kifa a ka don su wuce jami'ai, labarin ya zagaya duniya, dokar kuma ba ta zauna ba. Saboda haka ina roƙo a rubuta a cikin dokar kanta cewa ba a ƙwace keken kowa, ba a kuma ba ɗan kwangila aikin karɓar tara. Wanda aka samu ba birki, a raka shi wurin mai gyara. Yaron da aka samu a babban titi da dare ba fitila, mai unguwa ya kira mahaifinsa su yi magana. Hular kwano a kwaɗaitar da ita, a fara da raba wa 'yan makarantar da ke tsallaka manyan hanyoyi, amma kada a ɗora tara a kanta yanzu, don mutumin da ya koma keke saboda kuɗin mai ya gagare shi ba zai fara da sayen hula ba.

Shi kuwa lasin, a mayar da shi rajista ta kyauta. Kusan kowane keke yana da lamba a buge a jikin ƙarfensa. A rubuta ta a littafi tare da sunan mai shi da unguwarsa, a manna masa jar sitika mai ƙyalli a baya ɗauke da tambarin ƙaramar hukuma. Sitikar nan ita ce lasin, ita ce kuma za ta haska shi ga direba da dare, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Satar keke a ƙofar masallaci da makaranta ta ishi mutane, in suka san rajista za ta taimaka a gane kekensu in an kai shi kasuwa, da ƙafarsu za su zo.

Wanda zai riƙe wannan littafi yana nan a kowace unguwa, a gindin darbejiya, da kwanon ruwan da yake tsoma tub yana neman inda iska ke fita, da famfo, da gwangwanin gam, da tsoffin tayoyi a rataye a reshe. Mai facin keke ya san kowane keke a unguwarsa da mai shi. Ya san wanda ya cire birki ya ƙi mayarwa, ya san yaron da ke tsere da 'yan uwansa. Idan ya juya keke ya matsa birki ya ce wa yaro, wannan ba zai fita daga nan haka ba, yaron zai ji fiye da yadda zai ji jami'i mai kaki. A tara su mazaɓa mazaɓa, a yi musu bita ta yini ɗaya, a ba su sitika da robar birki, a ɗan saka musu da wani abu. Ba na jin akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi da saurin isa ga kowane gida.

Makarantun firamare kuma suna da alaƙa ta kusa da ƙaramar hukuma. A ƙasar Holan, yara 'yan azuzuwan ƙarshe na firamare suna yin jarrabawar ƙa'idar hanya, a makarantu da yawa har da hawa keke a kan titi ana duba su. Mutanen can ba da wannan tsari aka haife su ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyinsu, sama da 400 yara ne, iyaye suka fito suka matsa wa hukuma lamba har aka sake fasalin tituna. Mu ba ma buƙatar kayan aiki masu tsada kafin mu fara: a zana titi da mahaɗa da toka a filin makaranta, a gayyato jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ko na KAROTA sau ɗaya a zango, yara su hau su gwada. Malaman Islamiyya su ma a sa su ciki, domin ɗalibansu ne ke tashi a lokacin da ya fi haɗari.

Ƙa'ida ita kaɗai ba ta isa ba in babu wurin bi. Marigayi Ojo Maduekwe, lokacin da yake ministan sufuri, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, shi kansa kuma wata bas ta tura shi rami yana kan keke zai tafi aiki. A Tamale ta arewacin Ghana da Wagadugu ta Burkina Faso, an ware wa masu ƙafa biyu layinsu a gefen manyan tituna, kuma su ma ƙasashe ne masu fama da rashin kuɗi da zafin rana irin namu. Na san titin Zariya na Gwamnatin Tarayya ne, wasu kuma na jiha ne, ba ka da ikon taɓa su. Amma kana da bakin da za a ji in ka rubuta, kana kuma da naka titunan. A kansu a kwashe yashin da ke taruwa a gefe, wanda ke kayar da keke ko ya tilasta masa shiga tsakiya. A rufe kwatocin da ke buɗe. A yi magana da masu kasa kaya da masu zuba yashin gini da bulo a kan kwalta, ta hannun dagatai da masu unguwanni, cikin mutunci. A gina tudun rage gudu mai faɗi, a shafa masa fenti, a ƙofar kowace makaranta, maimakon tsinin kankaren da mutane ke yi da kansu bayan an buge musu yaro, wanda shi ma da dare kayar da mai keke yake yi. Duk sabon titin da za ku bayar kuma, a sa faɗin gefensa cikin takardar kwangila tun farko. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa idon jama'a ya ƙara komawa kanku, kuma irin waɗannan ƙananan ayyuka su ne mutum ke gani a ƙofar gidansa.

Ranka ya daɗe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Ina roƙonka kafin wadda ke tafe ka kira zama guda a sakatariya: hakimi da dagatai, kansiloli, shugabannin makarantu, limamai, wakilan direbobin tifa da na adaidaita sahu, jami'an hanya, da masu facin keke daga kowace mazaɓa. A tambaye su mahaɗun da aka fi buge mutane, a rubuta, a fara da guda uku mafi muni. A karanta musu daftarin dokar da Hausa su gyara, sannan a kai shi gaban majalisa. A ranar kuma a buɗe rajista a firamare ɗaya a kowace mazaɓa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wani magidanci mai hawa keke, daga Panshekara.